Ikilisiyar Gonar Ayaba

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar da takardar tura ni aiki ta iso, babu ko mutum ɗaya a gidanmu da ya san inda Beliz take. Ƙanina ya ce a Turai take, wajen Beljiyam. Matata ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ambace ta a rediyo ba. Sai Baba, tsohon malamin makaranta, ya sa aka ciro masa littafin taswirarsa daga ƙasan akwati, ya goge tabarau, ya yi ta bi da yatsa har ya gaji bai gan ta ba. Ashe littafin ne ya girmi sunan. Washegari wani abokin aikina ya ce mu nemi British Honduras, sai ga ta, ɗan yanki a ƙarƙashin Meziko, Gwatamala a bayanta, teku a gabanta. A 1973 aka sauya mata suna, a 1981 ta samu 'yancin kai. Baba ya ɗora babban yatsansa ya rufe ƙasar duka, ya ce, "Nan za ka?" Na ce, "Nan ne, Baba."

Ni Bahaushe ne, Kirista, ɗan Kirista, jikan Kirista. Na san wani zai ɗaga gira a nan, na saba. Kakana yana cikin almajiran Likita Miller, Baturen mishan, waɗanda suka bi mishan lokacin da ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa a 1929. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga a 1932, aka koya mini karatu tun kafin in shiga aji ɗaya. Tun ina yaro, duk majami'ar da na shiga a Arewa, ko Kafanchan, ko Jos, ko Numan, da harshen uwata ake wa'azi, da shi ake waƙa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin gata ba. Ina ganin haka Allah ya shirya duniya.

Aikin jinya na karanta, a Kaduna nake aiki lokacin da rikicin Fabrairun 2000 ya tashi. Ba zan daɗe a kansa ba. Maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye matata da yara a ɗakin matarsa kwana biyu. Ni kuwa, a kan hanyar neman su, samarin da muke addini ɗaya da su ne suka tare ni, suka ga fuska, suka ji Hausa ba gargada, suka ce in durƙusa. Da Addu'ar Ubangiji na fanshi wuyana, ina karantawa baki yana rawa. Bayan wannan zuciyata ta fita daga garin. Da na ji ana ɗaukar ma'aikatan lafiya a shirin nan na gwamnatin tarayya da aka fara tun 1987, wanda ke tura 'yan Nijeriya aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik, sai na cika takarda. Gaskiya gudu na yi. Amma ranar Lahadin ƙarshe, fastonmu ya ɗora mini hannu ya ce, "Gwamnati ce ta biya kuɗin jirgi, amma Ubangiji ne ya aike ka." Na riƙe maganar nan gam, har na fara jin kaina ɗan mishan. Iyali suka zauna wurin Baba, na tafi ni kaɗai.

Ƙasar ta ɗan fi jihar Kano faɗi kaɗan, amma mutanenta a lokacin ba su kai dubu 300 ba. Daga Beliz Siti aka sa ni a wata tsohuwar bas, irin masu ɗaukar 'yan makaranta a Amurka, muka bi ta Belmopan, muka ratsa duwatsu da gonakin lemo, muka gangara kudu. A cikin bas ɗin nan kaɗai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Ga baƙaƙe kamar ni suna wani Turanci da ake kira Kriyol, mai kama da Burokan ɗinmu amma ya fi shi gudu. Ga wasu baƙaƙen kuma, Garifuna, da nasu harshen daban. Ga matan Maya gajeru da dogon gashi, ga masu Sifaniyanci, ga Basine mai kanti a tasha, ga jikokin Indiyawa. Can kuma wani Bature da hular kaba da wando mai igiya a kafaɗa, ɗan ɗarikar Kirista ta Menonayit, waɗanda suka zo daga Meziko a 1958, suna wani irin Jamusanci, su ne kuma ke ciyar da ƙasar da kaji da madara. A kan takardar kuɗi kuma hoton Sarauniyar Ingila.

An kai ni wani ƙaramin asibiti a kudancin gundumar Stann Creek, yankin gonakin ayaba. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ayaba ce iya ganinka, kowane nono an rufe shi da shuɗiyar leda, ana rataya su a waya a ja su zuwa rumfar wanki, daga nan zuwa tashar jirgin ruwa ta Big Creek, sai Ingila. Yawancin leburorin baƙi ne daga Honduras da Gwatamala da El Salbado, tare da Maya 'yan Kekci. Aikina ɗinkin saran adda, zazzaɓin sauro, ƙaiƙayin fata daga maganin feshi, awon ciki, da saran wani maciji da suke kira tomigof, ɗan'uwan gobe-da-nisa amma ya ninka ta girma.

Abu na farko da ya kunyata ɗan mishan ɗin da ke cikina shi ne, ƙasar cike take da majami'u. Katolika, Anglikan, Metodis, Baftis, Nazarin, Adbentis, 'yan Fentikos kala-kala. Yawancin makarantun firamare ma a hannun ikilisiyoyi suke. Babbar majami'ar Anglikan da ke Beliz Siti an fara gina ta tun 1812, bayi ne suka ɗora tubalinta. Wato bishara ta riga zuwa nan da kusan shekara ɗari kafin ta iso Zariya. To me na zo yi? Na lallashi kaina da cewa sujadarsu ba ta da zafi, kuma mutanen barikin leburori ba sa zuwa ko'ina ranar Lahadi. Na biyun gaskiya ne. Na farkon girman kai ne.

Na fara nazarin Littafi a barandar gidana kowace Laraba da yamma. Na yi shi yadda na sani: Turanci, murya sama, awa biyu da rabi, har da kwanan addu'a ƙarshen wata. Mutanen nan suna da kunya da kara. Duk wanda na gayyata sai ya ce mini "right now". Ni kuma in jera kujeru in zauna jira. Sai da na yi wata biyu kafin na gane "right now" ɗinsu shi ne "ina zuwa" namu. Wanda ya zo kuma, don na ɗinke masa ƙafa ne, ya zo biyan bashi sau ɗaya, ba ya dawowa. Shekara ta kusa cika ina da mutum huɗu, ɗaya daga ciki barci yake zuwa yi.

Sai ranar Litinin, 8 ga Oktoba, 2001. Tun safe rediyo ke cewa guguwar Iris tana tafe, kuma kudu ta nufa. Ni ɗan Zariya, iyakar sanina da iska ita ce wadda ke yaye jinka a farkon damina. Da yamma aka kwashe mutanen bariki zuwa ginin makaranta, don shi ne na siminti. Na ɗauki akwatin magani da tocila biyu na bi su. Mun fi mutum ɗari a azuzuwa biyu, da jarirai, da kaji a kwando, da wani tsoho rungume da rediyonsa. Bayan duhu ya yi ta iso. An ce gudun iskar ya kai kilomita 230 a awa, amma lissafi ba ya gaya maka ƙarar. Kamar jirgin ƙasa ne ke wucewa a kan rufin, ba ya kuma ƙarewa. Kunnuwa suka toshe. Muna jin kwanon gidaje yana tashi yana dukan bango.

A tsakiyar wannan wata yarinya 'yar Kekci, cikin fari, naƙuda ta kama ta. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Sifaniyanci sosai, ni kuma ba na jin nata ko kalma. Muka kifa teburan 'yan makaranta muka yi mata shamaki da zannuwa. Wata dattijuwa Bagarifuna, mai wanki da guga a ƙauyen, ta karɓi tocila ta riƙe mini, hannunta ko motsi. Ni in faɗa da Turanci, wani saurayi ɗan Honduras ya juya da Sifaniyanci, surukar yarinyar ta juya da Kekci, kafin "yunƙura" ta isa kunnenta ciwon ya wuce. Sai dattijuwar ta ture mu duka, ta kama fuskar yarinyar, ta yi mata nishin da kanta. Nan take ta gane.

Lokacin ne wani ɓangaren rufin ɗaya ajin ya tafi, mutane suka kwararo cikin namu da kururuwa. Na ɗaga murya in jagoranci addu'a da Turanci, ko ni ban ji kaina ba. Kowa ya kama tasa. Masu Sifaniyanci suna kiran Señor, dattijuwar tana kiran Bungiu, wato Allah da Garifuna, matan Kekci suna wani raɗa mai sauri kamar ruwan sama a kan ganye. Ina durƙushe, hannuna cikin jini, sai na tsinci bakina yana cewa, "Ya Ubangiji, ka ji tausayinmu, ka dubi yarinyar nan, ya Allah na Baba." Shekara guda ina addu'a da Turanci a ƙasar nan, da wuya ta yi wuya Turancin ya gudu ya bar ni. Namiji ta haifa. Na yanke cibiya da almakashin da na goge da barasar asibiti, muka naɗe shi da rigar wani.

Da gari ya waye babu ayaba ko ɗaya a tsaye, duk sun kwanta gefe guda kamar an share su da tsintsiya. Bariki ya zama tarin itace. Dubban mutane a kudu suka rasa muhalli, a Big Creek kuma wani jirgin masu yawon buɗe ido ya kife, mutum 20 suka mutu. Lahadin da ta biyo muka taru ƙarƙashin tamfol a filin makarantar, ba wanda ya gayyaci kowa. In an tambaye ni ranar da aka kafa ikilisiyarmu, wannan nake faɗa, kuma ba ni da hannu a ciki.

Hannuna ya shigo daga baya, kuma ɓarna ya fara yi. Da kayan agaji suka zo ta hannun wasu baƙi masu bishara, aka ba ni rabo, sai na ce bayan sujada za a raba. Tamfol ya cika maƙil. Ina murna, dattijuwar nan, wadda zuwa lokacin Mama nake kiranta, ta ja ni gefe ta ce, "Nas, ranar da ka karɓi haihuwar nan, ka tambayi yarinyar ko tana zuwa coci?" Daga ranar muka koma raba shinkafa ran Asabar, gida-gida. Jama'ar Lahadi ta ragu da fiye da rabi. Waɗanda suka rage, su ne ikilisiya.

Shekara biyu ta cika, na nemi zama, aka ɗauke ni aiki a can. A 2003 matata da yara suka iso. Zuwa lokacin mun gina ɗaki na katako a kan ginshiƙai, da kwanon da muka tsinto muka miƙe da guduma, manya kamar talatin. Na kafa doka biyu. Ta farko, Turanci kaɗai a sujada, don shi ne harshen gwamnati da makaranta, kuma jiki ɗaya ya kamata ya yi magana da baki ɗaya. Hujjata daga gida na ɗauko ta. Na ce musu a ƙasarmu ƙabilu sun fi ɗari a Arewa, amma Hausa ta haɗa mu a majami'a, ba rigima. Doka ta biyu, ba gangar Garifuna. Na ji labarin dugu, bikin da suke yi wa kakanni, inda buyei, wato bokansu, ke jagora, a yi kwanaki ana kiɗa har wani ya hau. Na ce wannan ai bori ne, gangar da ta kira iska ba za ta shiga ɗakin Ubangiji ba.

Sannu a hankali masu Sifaniyanci suka zame zuwa wata majami'ar Fentikos da ke bakin hanya, inda ake yi da harshensu. Matan Kekci suna zuwa, su zauna a bencin baya, su tashi in an tashi, su zauna in an zauna, ido a ƙasa. Mama tana zuwa, amma ba ta waƙa. Ni kuma ina ta azumi a kan taurin zuciyar mutane.

Matata Bajju ce, daga wajen Zonkwa, harshensu Jju. Mu Hausawa Kaje muke ce musu, sunan da ba sa so, ni ma sai da na yi aure na daina. 'Yar Zumuntar Mata ce ta gaske, ta haddace Littafin Waƙoƙi kusan duka, Hausarta kuma ta fi ta wasu 'yan Zariya. Wata shida ta yi tana kallona ba ta ce komai ba. Ta shaƙu da Mama, wadda ta koya mata hudut, wato agada dafaffiya a kirɓa a turmi kamar sakwara, a ci da miyar kifi da madarar kwakwa. Wani dare tana kirɓi a bayan gida, ina zaune ina ƙorafin mutane ba sa buɗe baki a addu'a, sai ta tsayar da taɓarya.

Ta ce, "Maigida, shekara nawa da aurenmu?"

Na ce goma sha uku.

"Ka taɓa jin na yi addu'a da Jju?"

Na yi shiru ina lalube. Ban taɓa ji ba. Na ce ai ban hana ta ba.

Ta ce, "Ka tuna zuwanka gidanmu na farko, da Kaka ta sa albarka a abinci? Da muka fito rakiya ka ce mini, ashe ku Allahnku kaza ne."

Kunya ta rufe ni. Da harshensu Kaza ake kiran Allah, shi ya sa sunayensu da yawa ke farawa da shi. Ni kuwa saurayi mai neman ba budurwa dariya, na yi wasa da shi na manta a daren. Ita ba ta manta ba. Ta ce ta yi dariya a lokacin don kada in ji kunya, amma tun ranar ba ta sake kiran sunan a gabana ba. Ta ce kakar nan tata ta yi shekara arba'in tana zuwa majami'a, tana rera waƙoƙin Hausa da ka, ba ta taɓa fahimtar wa'azi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. In ta dawo gida sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi wa Kaza magana da nata bakin. "Waɗannan matan na bencin baya," in ji ta, "duk Lahadi Kaka nake gani. Kai kana cewa Hausa ta haɗa mu ba rigima. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kai ba a ɗakin kake ba."

Na yi gardama, don namiji ne ni. Na ce ba don Hausa ba da yaushe bishara za ta kai duwatsun nan, da wane harshe za a horar da masu bishara, da wane littafi za a koyi karatu? Ta ce duk gaskiya ne, ita ma tana ƙaunar waƙoƙin nan, da su za a binne ta. Amma abu ya zama alheri bai hana shi zama da nauyi a kan wani ba. Sannan ta ƙara da cewa, tulun da Zumuntar Mata ke bugawa, in je in tambayi tsofaffi ko Turawan mishan na farko sun yi maraba da kiɗan gargajiya a sujada. Ta ci gaba da kirɓinta. Daren nan ban ci hudut da daɗi ba.

Ba washegari na sauya ba. Na yi makonni ina kumbure-kumbure. Ranar 19 ga Nuwamba Mama ta ce lallai mu bi ta zuwa garin Dangriga, ranar da Garifuna ke tunawa da saukarsu ƙasar. Kakanninsu 'yan Afirka ne da suka gauraya da mutanen asali a tsibirin San Binsent, Turawan Ingila suka kwashe su a 1797 suka zubar a tsibirin Rowatan, daga nan suka bazu a gaɓar teku. Da asuba muka tsaya a bakin ruwa, kwale-kwale suka shigo ɗauke da itacen rogo da 'ya'yan ayaba na dashe da ganyen kwakwa, ana kiɗa, tsofaffi suna kuka. Daga nan gangunan nan biyu, babba da ƙarama, suka wuce gaba har cikin majami'ar Katolika, aka yi sujada da su. Na dubi Mama tana waƙa da dukan jikinta, matar da shekara biyu ban ji muryarta a ɗakinmu ba. Mutanen da aka raba da ƙasa sau biyu, abin da suka tsira da shi ke nan, harshe da rogo da ganga, ni kuma na zo daga Afirkar da suke kuka a kanta na ce su ajiye biyu a bakin ƙofa.

Lahadin farko ta Disamba na tsaya gaban jama'a na janye dokokin, na roƙi gafara. Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Sujada ta koma awa uku saboda tafinta. Wani dattijo Bakriyole, mai ba da baiko mafi tsoka, ya ce shi ba zai zauna a ƙasar ubansa ana yi masa Sifaniyanci a ka ba, baƙin nan sun cinye aiki yanzu kuma za su cinye coci. Ya tafi da iyalinsa, bai dawo ba, na kuma ji zafin tafiyarsa har a asusu. Matan Kekci da na ce su yi addu'a da harshensu suka ƙi, ashe a wurinsu mace ba ta ɗaga murya gaban maza haka nan, sai da matata ta fara tara su ran Alhamis su kaɗai. Har gurasar Jibin Ubangiji ta zama magana: burodin kanti, ko wainar masara ta Maya, ko ereba, busasshiyar gurasar rogo ta Garifuna? Muka yi zama uku a kan wannan, muka ƙare da karɓa-karɓa. Kriyol kuwa, masu shi da kansu suka ce ba harshen addu'a ba ne, lalataccen Turanci ne, kunya suke ji. Sai bayan shekaru, da aka buga Sabon Alkawari da shi, wasunsu suka sauko.

Maganar dugu ba mu taɓa gama ta ba. Har yau ban yarda da neman matattu ba, na kuma faɗa wa Mama haka ido da ido. Ita kuma ta ce in danginta suka kira, za ta je ta dafa abinci, don ba za ta bar uwarta da yunwa ba ko a lahira. Na kawo aya, ta kawo tata. Ganga ta shiga sujada, jikanta ke bugawa, ita kuma wani lokaci takan ɓace mako guda ta dawo ta zauna a bencinta. Wasu dattawa suka ce a hana ta Jibi. Ban hana ba. Ko na yi daidai, Ubangiji ne zai faɗa, ni dai na kasa miƙa hannu in tsallake matar da ta riƙe mini tocila.

Ranar Fentikos ta 2004 muka karanta Ayyukan Manzanni sura 2 da harshe biyar, kowa da nasa. Da aka zo addu'ar roƙo, aka yi ɗan shiru, sai na ji wata murya daga ɓangaren mata, da wani harshe da ba na ƙasar ba. Na buɗe ido. Matata ce, tsaye, hannu a ƙirji. Ban fahimci komai ba sai kalma ɗaya da take ta maimaitawa. Muryar ma ba irin wadda na sani ba ce, ta fi zurfi, kamar ta wata tsohuwa. Ba wanda ya san me ta ce a ɗakin nan, amma da ta gama, matan bencin baya ne suka fi kowa ƙarfin amin. Yaranmu suka juyo suna kallona, don su ma ba su taɓa ji ba.

Mun dawo gida a 2009, Baba ya tsufa yana nema na. Ban taɓa zama fasto ba, nas na je, nas na dawo. Kafin mu taso muka miƙa ikilisiyar ga wata ɗarika da ke ƙasar, suka naɗa saurayin nan ɗan Honduras da ya yi mini tafinta daren guguwa, bayan ya yi karatun Littafi na shekara uku yana aikin rumfar ayaba da rana. Ba ta zama babba ba. Ta taɓa rabuwa sau ɗaya bayan tafiyarmu, 'yan Kekci suka buɗe tasu a ƙauyen gaba, abin da ya ba ni haushi da farko, daga baya na ga ba ni da bakin magana. Mama ta rasu. An gaya mini an yi mata sujada a ɗakinmu da ganga, danginta kuma suka yi nasu daga baya. Yaron da aka haifa a makaranta yanzu magidanci ne, yakan turo mini gaisuwa ta WhatsApp, yana kirana da wata kalmar Kekci da aka ce mini tana nufin kaka.

A majami'armu ta nan Kaduna na taɓa kawo shawara a taron dattawa, cewa ko sau ɗaya a wata a bar mutum ya yi addu'a da harshen gidansu. Aka ce zai kawo ƙabilanci. Wani ya ce, cikin raha, "Kai da harshenka ake yi, me ya dame ka?" Wani kuma ya ce in kwantar da hankalina, yaran yanzu ko Hausar ba sa so, sujadar Turanci ce ke cika. Aka wuce zuwa maganar kuɗin gyaran rufi.

Akwai Sabon Alkawari da Jju, an buga shi tun shekarun 1980, ashe akwai ɗaya a ƙasan akwatin matata duk tsawon zamanmu, har Beliz ya je ya dawo. Yanzu shi muke karantawa da safe, aya biyar-biyar, ita ta karanta in bi. Na haura sittin, harshena ya yi tauri, akwai sautukan da ba sa fita ko na yi yaya. Sunan nan da na yi wa dariya shi ya fi ba ni wuya, don in na sake kaɗan sai muryar Hausa ta ja shi ya koma na tsuntsuwa. Jiya ma sai da ta sa na maimaita shi sau bakwai, tana girgiza kai, shayinmu yana hucewa.